Kur ɗin Ingilishi na dare a Yamai, ya ci kuɗinshi ko bai ci ba?

Tunda mutane sun dame ni da tambaya kan kur ɗin Ingilishin nan da nike zuwa da dare, wasu a waya wasu a fada wurin shayi, bari in faɗi komi lokaci guda in huta. A taƙaice mushen, wato malamin, ya ci kuɗinshi har da ƙari, amma wurin kanshi bai ci ba. Ba zan kama sunan santar ɗin ba don akwai ƙorafi a maganata, wanda ya san ni ya san inda nike zuwa. Wani gida ne can wajen Yantala, da rana lakkwal ce ta yara mai zaman kanta, da dare sai su ba da hayar aji biyu ga masu koyar da manya.

Ni ɗan Tawa ne, ina riƙe ma kawuna lissafi a harkar albasa, irin ta Galmi ɗin nan da kowa ya sani, motocinmu na zuwa Gana, Kumasi da Akra. Ingilishi na fara shi tun siziyem kamar kowane ɗan lakkwal a Nijar har na yi bak, giramma ba ta ba ni tsoro, in ka ba ni takarda zan karanta in faɗa maka abin da ke ciki. Matsalar tana wurin magana. Mutum zai turo maka voka a WhatsApp, ko ka zauna taro da mutanen wani furoje akwai ɗan Kenya akwai Ba'amurkiya, kowace kalma ka san ta ɗaya bayan ɗaya amma in anka haɗa su sai ka rasa inda anka dosa, kana ta gyaɗa kai kawai. Wannan shi ne idiyom, maganar da in ka bi ta kalma-kalma sai ka ɓata. Kuma tun da anka fito da kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa ya aje Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, sai ka ga kowa ya tashi neman Ingilishi, alluna na ta fitowa bakin gudiro kowa na cewa a wata ukku zai sa ka iya. To ba a wata ukku dai ba, wannan ku cire shi daga kai.

Kuɗin wurin jika 15 ne a wata, rajista jika 5, fotokofi jika 3 kuma dole ne ka saya, zan dawo kan fotokofin nan don ina da magana a kai. Dare ukku a sati bayan isha'i, awa ɗaya da rabi. Ranar farko suna yi maka ɗan gwaji su ga matsayinka, irin matakan nan na Turai daga A1 har C2, ajin idiyom ba su ɗaukar wanda bai kai B1 ba, aƙalla haka sunka ce.

Mushen Bahaushe ne, ya yi karatu nan Jami'ar Abdou Moumouni sannan ya zauna Gana ya zauna Najeriya, kuma abin da ya raba shi da sauran da na gani shi ne ba ya jin kunyar shigo da Hausa cikin aji. Wasu malamai suna ganin in ba a hana yaren gida ba to ba a yi koyarwa ba. Shi kuwa harsuna ukku yake jerawa a tabulo, Hausa, Faransanci, Ingilishi, wani lokaci har Zabarmanci in 'yan ajin sunka kawo.

Akwai wani dare da ba na mantawa. Ya ce kowa ya tashi ya yabi ubangidanshi da Ingilishi a jimla biyu. Wani Alhaji mai aikin taranzit, babban mutum ne da furfurarshi, ya tashi ya gyara riga ya ce "my boss has a long hand". Abin da yake nufi a fili yake ga duk wanda ya yi lakkwal, ya ɗauko "il a le bras long" na Faransanci ne, wato mutum mai hanya, wanda in ya ɗaga waya aiki ya gama. Mushe bai ce mishi ya yi kuskure ba, sai ya aje alli ya ce "Alhaji, Allah shi ƙara girma, in da Hausa anka ce ubangidanka yana da dogon hannu, mi anka ce kenan?" Aji ya yi tsit na ɗan lokaci sannan kowa ya fashe, shi kanshi Alhajin ya riƙe baki yana "subhanallahi, Mushe rufa min asiri kar maganar ta fita". Daga nan ya ja layi ukku. A Faransanci dogon hannu mai alfarma ne. A Hausa ɓarawo ne. A Ingilishi inda za ka fi jin shi a "the long arm of the law" ne, wato hukuma na kamo mai laifi ko ina ya shiga, in kana son ka ce mutum na da hanya sai ka ce "he is well connected" ko "he can pull strings". Sannan ya ƙara da cewa in ka tsallaka Birnin Ƙonni ka shiga Najeriya su a can ƙafa ce ke tsawo ba hannu ba, "long leg" suke cewa. Gaɓa guda ta jiki, ma'ana ukku. Minti ashirin munka yi kan wannan kaɗai kuma ban ga wanda ya duba agogo ba.

Haka ya yi mana da ƙafa wani dare. "Dragging his feet" daidai yake da namu jan ƙafa, mutum na nawa da gangan don ba ya son yin abu, har ka ce wani ya kwafa daga wani. Sai ka saki jiki ka ɗauka to duk inda ƙafa ta fito an gane, sai ga "you are pulling my leg" wanda ba ruwanshi da jinkiri, zolaya ce, kana min wasa da hankali. Ya ce inda harsuna sunka yi kama nan ne anka fi faɗuwa, don mutum ba ya bincike kan abin da yake ganin ya riga ya sani.

Abin da ya fi amfanata a kur ɗin gaba ɗaya shi ne yadda ya sa munka raba kaye gida ukku. Gida na farko abin da za ka ji ka gane amma ba sai ka faɗa ba. Na biyu abin da za ka riƙa faɗa kullum. Na ukku kar ka kuskura. Kuma wlh gidan farko ya fi sauran cika nesa ba kusa ba. "It's raining cats and dogs" da kowane littafi ke farawa da shi yana gidan farko, ya ce ka san shi don jarrabawa da tsoffin littattafai amma da wuya ka ji mutum na faɗinshi a hira ta yau da kullum, sai dai "it's pouring", kamar yadda mu ma muke cewa ruwa kamar da bakin ƙwarya. "When pigs fly" shi ma can ya tura shi, ya ce daidai yake da "quand les poules auront des dents" ranar da kaji za su yi haƙora, abin da ba zai taɓa faruwa ba, wata Hajiya mai zuwa Dubai saro kaya ta ce "Mushe ni dai bar ni da kajin, mi ya kai ni ga alade", ya ce "Hajiya kin yi daidai, ba wanda zai tambaye ki shi a kasuwa".

Gida na biyu ba shi da ado ko kaɗan, shi ya sa mutane ke raina shi. "I'll get back to you", "keep me in the loop", "we are on the same page", "it's still up in the air", "let's call it a day", "out of the blue", "it rings a bell", "let's meet halfway". Waɗannan su ne nike ji a voka da taro, su ne kuma ba a koya mana a lise ba. "I'll get back to you" ba yana nufin mutum zai dawo wurinka da ƙafa ba, zan neme ka ne, kuma Mushe ya ce ku lura da murya don sau da yawa irin namu ne na "bari in yi shawara", mai sayen da ya faɗa maka haka kar ka hana wani kaya kana jiranshi. Wannan ɗaya kaɗai ni a wurina ta biya kuɗin wata, don albasa ba ta jiran mai shawara, kwana kaɗan a zafin nan ta fara ruɓa.

Gida na ukku kuwa da fuska ɗaure ya koyar da shi. Wani yaro ɗan jami'a ya zo da "kick the bucket" ya ji shi a fim, yana murna ya samo yadda ake cewa mutum ya mutu. Mushe ya ce e ma'anar kenan, amma maganar raini ce da barkwanci, in ka rubuta ma abokin cinikinka ita ranar da mahaifinshi ya rasu to cinikinku ya ƙare kuma ba zai faɗa maka dalili ba. Ana cewa "he passed away", ana cewa "I'm sorry for your loss". Ya tambaye mu, ku da Hausa kuna zuwa gaisuwar mutuwa ku ce wane ya sheƙa barzahu ko ya margaya? Munka ce haba Mushe, sai dai ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya yi mishi cikawa. Ya ce to su ma suna da wannan bambancin, ƙamus ne kawai ke jera su wuri guda kamar duk ɗaya ne. A nan ya kawo misalin da ya zauna min, ya ce idiyom kamar wasan taubashi ne, maganar da Bagobiri zai yaɓa ma Bazabarme a yi dariya a tafa, in ka ɗauke ta ka kai ma surukinka sai an tara dattawa. Sanin maganar ba shi ne ba, sanin wa za ka faɗa ma shi ne aikin.

Wani abu da ban zata ba, wajen rabin lokacin ba kan irin idiyom masu hoton nan muke ba, kan ƙananan fi'ilai ne da ake liƙa ma wutsiya, put off, call off, put up with, run out of, make up, get over, come across. Da farko 'yan aji sun yi gunaguni, Alhajin taranzit ya ce shi karin magana ya zo koyo. Mushe ya ce mu rubuta duk abin da Bahaushe ke ci. Munka fara, cin kasuwa, cin bashi, cin amana, cin mutunci, cin jarrabawa, cin sarauta, cin fuska, cin zarafi, tabulo ya cika. Ya ce to abin da yake sha fa, shan iska, shan kashi, shan wahala, shan kunu, shan alwashi, shan kai. Ya ce baƙon da ya zo Yamai yana koyon Hausa ya san ci ya san sha tun satin farko amma shekara nawa zai yi kafin ya gane shan kunu ba ruwanshi da ludayi? To get da put da take da make su ne ci da sha na Ingilishi. Sannan ya bayyana dalilin da ya sa mu 'yan Faransanci muke guje musu, tun 1066 da Normandawa sunka ci Ingila Faransanci ya zuba kalmomi masu yawa cikin Ingilishi, shi ya sa mun fi sakin jiki da dogayen kalmomi irin na takarda kamar postpone, tolerate da cancel, alhali mai harshen a hira "put off" da "put up with" da "call off" zai ce. Sai ka ga ɗan Nijar na magana da Ingilishi daidai ba kuskure amma kamar yana karanta wasiƙar minista. Na ji kaina a wannan bayanin sosai.

Ya kuma ɗan taɓa kalmomin da ke yaudarar mai Faransanci, actually ba actuellement ba ne, eventually ba éventuellement ba ne, library ba wurin sayar da littafi ba ne, demand kuma ya fi demander kaushi ƙwarai, in ka ce ma mutum "I demand" ba roƙo ka yi ba umurni ka ba shi. Dare ɗaya kawai ya yi a kai, ni da zai ƙara da na so.

Sai maganar wane Ingilishi. Nan ma ya burge ni don bai raina na maƙwabta ba. Akwai malaman da in ka ce "I'm coming" kana fita sai su ce ka ɓata harshe, shi kuwa ya ce wannan ina zuwa ne namu, daga Kano har Kumasi kowa zai gane ka, Ba'amurke ne kawai zai tsaya yana kallon ƙofa don a wurinshi "I'll be right back" ake cewa. Haka "well done" da ɗan Najeriya ke gaida mai aiki da shi, sannu da aiki ne, a Ingila kuwa yabo ne bayan ka gama abu da kyau. Ya faɗa mana a watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Najeriya, a ciki akwai okada, danfo, Kannywood da "next tomorrow" wato jibi. Don haka ba ɓatacce ba ne, na wani wuri ne, ka san inda za ka kashe shi. Tsakanin Ingila da Amurka ma ba a gama daidaitawa ba, "to table" wata magana a taro, a Ingila kawo ta ne a tattauna yanzu, a Amurka aje ta ne sai wani jiƙon, kishiyar juna sak. Amurkawa kuma rabin maganarsu ta ofis daga wasan besbol ta fito wanda mu ko filinshi ba mu taɓa gani ba, "ballpark figure" ƙiyasi ne, "touch base" a tuntuɓi juna. Wani lokaci yana faɗin asalin magana, "learn the ropes" daga matuƙan jirgin ruwa na da masu koyon igiyoyi, "the writing on the wall" da "by the skin of my teeth" daga Baibul, amma ya ce mu yi hattara da labaran asali da ke yawo a intanet don da yawansu ƙirƙira ce mai daɗin ji, in bai tabbata ba ba ya faɗa.

To yanzu ga inda wurin ya gaza, kuma ba kaɗan ba.

Fotokofin jika 3 ɗin nan cuta ce tsagwaronta. Jerin idiyom ne daga A har Z, ba misali ba bayani kan wa ke faɗa ko a ina, gefe guda fassarar Faransanci wadda wasu ma ba daidai ba ne, an kwafa an sake kwafa har wasu shafuka sun yi baƙi wasu sun yanke a gefe. Shi kanshi mushen ba ya aiki da ita, ranar da anka raba ya juya ta ya duba ya ce "ku aje a gida". Da na tambayi mai karɓar kuɗi mi ya sa dole ne a saya tunda malami ba ya buɗe ta, sai ya ce "yayana haka tsarin yake". Resi ma sai ka matsa ake ba ka.

Zafi kuma, jama'a. Aji ne na yara, teburan ƙanana, babban mutum zai naɗe ƙafa gwiwa na bugun katako, bantilatar biyu ɗaya ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. A watan Afrilu da Mayu in kuran ya ɗauke, kuma kun san yadda yake yi a lokacin, ba gurup (injin wuta) ba fano (na sola) ba komi, sai kowa ya kunna tocilan waya a haska tabulo, zufa na ɗiga kan kaye. Akwai daren da munka fito tsakar gida munka ƙarasa a tsaye sauro na cin rabonshi. Kur ɗin harshe ne amma ba su da ko ɗan bafil na sauraro, mushe da kanshi ke zuwa da nashi ƙarami daga gida, in ya manta caji to ranar ba sauraro.

Sun ce sai B1 amma duk wanda ya kawo kuɗi ana tura shi ajin. Da munka fara ba mu da yawa, kowa na samun magana, kafin a jima aji ya cika har ana jawo benci daga waje, a ciki akwai waɗanda gaisuwa ma da ƙyar suke haɗawa. Ba laifinsu ba ne, an karɓi kuɗinsu an sa su inda ba za su amfana ba, mu kuma an rage mana gudu. Ranar Laraba wani malami daban ke zuwa, yaro ne mai ladabi ba ruwanshi, amma shi fotokofin nan yake buɗewa ya karanta mu maimaita, goma goma, sati mai zuwa ya tambaya. Ba na iya tuna ko biyar daga abin da ya ba mu. Mutane sun gane, Laraba aji rabi ne.

Mata kuma suna shan wahalar komawa, ƙarfe goma saura a lungun nan ba taksi sai ka taka har gudiro, Hajiyar Dubai ɗanta ke zuwa ɗaukarta da moto, wasu 'yan mata biyu daga Harobanda sun daina zuwa saboda tsallaka gada da dare. An roƙi a buɗe na Asabar da safe, an ce za a duba, shiru. Atestasiyo da suke bayarwa a ƙarshe kuwa takarda ce mai kyan kala da tambarin santar, kar ka ɗauka wata jami'a a waje za ta karɓe ta a madadin TOEFL ko IELTS, jarrabawoyin Ingilishi da jami'o'in waje ke nema.

Tunda na ambaci IELTS, akwai samari a ajin da ke shirin fita karatu, sun zo da tunanin in sunka haddace idiyom ɗari sunka zuba ma mai jarrabawa to an gama. Gaskiya ne a ma'aunin maki na ɓangaren magana, daga mataki na 7 cikin 9 ana duba ko mutum na iya amfani da irin waɗannan maganganu, amma hirar gaba ɗaya minti 11 zuwa 14 ce, kuma Mushe ya ce wanda anka cusa da ƙarfi a inda bai dace ba ya fi rashinshi muni. Ya sa wani ya gwada, yaron ya tashi a jimla ukku ya saka "piece of cake", "once in a blue moon" da "cost an arm and a leg" yana bayanin unguwarsu, Mushe ya ce "ƙanena, in wani ya zo yana maka Hausa kowace jimla da karin magana, mi za ka ce?" Yaron ya ce zan ce maroƙi ne.

Wasu za su ce mi ya sa za ka biya jika 15 alhali waya na hannunka. Da gaskiyarsu ta wani gefen. BBC Learning English na da wani ɗan shiri The English We Speak, gajere ne 'yan mintoci, magana guda suke ɗauka su yi hira a kai, kyauta ne in ban da mega, kuma mushen da kanshi yake turo mana shi. Na Muryar Amurka ma, wanda sunka fara a 1959 ana magana a hankali, yana da amfani ga kunne. Ina sauraronsu a mota in za ni Tawa, hanya ce mai tsawo fiye da kilomita 500. Amma waya ba ta san kai Bahaushe ne mai tunani da Hausa yana fassarawa ta Faransanci kafin ya fito da Ingilishi ba, ba ta san dogon hannu ba, ba za ta tsayar da kai ta ce wannan daga ina ka ɗauko shi ba. Wanda ke da hali kuma yana son wuri mai tsari da ɗakin karatu, Cibiyar Al'adun Amurka ta daɗe tana koyar da Ingilishi a Yamai, sai ya je ya tambaya da kanshi, zuwa da kai ya fi saƙo.

Ni a aikina na ga canji. Wani mai saye a Kumasi ya turo voka yana cewa farashin "is a bit steep" amma "let's meet halfway", da can sai in tsaya ina tunanin wane tudu wace rabin hanya, ko Wagadugu yake son mu haɗu, yanzu na san tsada yake kuka da ita yana son a raba bambancin biyu, nan take na kira kawu na ce "Kawu mutumin nan zai saya, ragi kaɗan yake nema", anka gama kafin la'asar. Ban zama Bature ba, har gobe in Amurkawa biyu na hira tsakaninsu da sauri rabi na wuce ni, amma na daina gyaɗa kai kan abin da ban ji ba, kuma na koyi cewa "sorry, what do you mean by that" ba abin kunya ba ne, su ma suna tambayar juna.

Wanda zai je, in bai iya haɗa jimla ba tukuna kar ya shiga wannan ajin ko sun ce ya shiga, ya fara da na ƙasa. Ka ce a bar ka ka zauna dare ɗaya kafin ka biya, suna yarda in ka nace, kuma ka tabbata ba Laraba ba ce. Kar ka biya wata ukku gaba ɗaya ko sun yi maka ragi, don mushen nan ba ma'aikacinsu ba ne na dindindin, awa ake biyanshi, in ya tashi ba abin da ya rage sai fotokofi. Ka zo da wuri ka kama bencin kusa da taga, ka zo da ruwanka.

Yanzu an ce daga wata mai zuwa kuɗin zai koma jika 18 wai za su sayi gurup. Mun haɗu mu 'yan aji mun ce ma Alhajin taranzit ya je ya yi magana da yawunmu tunda shi ne babba, in mun ga gurup ɗin da idonmu an tayar da shi za mu biya, in kuma ba haka ba mun riga mun tambayi Mushe ko zai yarda ya riƙa zuwa gidan Hajiya ran Asabar da Lahadi mu haɗa mishi kuɗin kai tsaye, tana da babban zaure da fano. Ya ce bari ya yi shawara.